Sayen adaftar Wi-Fi don kwamfutar tebur: abin da muke dubawa a shago

Yawancin kwamfutocin tebur da suke shigowa kasuwanninmu tsofaffin kayan ofis ne daga Turai da Amurka, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre. An ƙera su ne don ofisoshin da aka ja wa wayar intanet a cikin bango, shi ya sa akasarinsu ba su da Wi-Fi. Mai saye sai ya kai gida ko shagonsa, ya kunna rauta ko MiFi, sannan ya ga kwamfuta ba ta ganin komai. Daga nan ne yake dawowa wurinmu neman adafta, wato 'yar na'urar da ke sa kwamfuta ta kama Wi-Fi. Kayan ƙarami ne, amma a sana'armu yana cikin waɗanda aka fi dawowa da su, kuma sau da yawa adaftar lafiyarta lau, zaɓin ne bai dace ba.

Kafin mu ɗauko komai daga kanta, tambaya uku muke yi. Wace irin rauta ce a wurin? Nisan ta nawa da kwamfuta, kuma bango nawa ne a tsakani? Wace Windows ce a kan kwamfutar? Amsar waɗannan ita ce ke zaɓen adafta, ba lambar da aka buga da manyan baƙi a jikin kwali ba.

Mu fara da rauta. Wi-Fi yana tafiya a kan zango biyu da aka fi sani, 2.4 GHz da 5 GHz. Na farko ya fi nisa kuma ya fi ratsa bango, amma cunkoso ya yi masa yawa, domin tashoshi uku ne kawai a cikinsa da ba sa hawa kan juna: 1 da 6 da 11. A cikin kasuwa ko rukunin shaguna inda kowa ke da tasa rauta, nan take zangon yake cika. Na biyu ya fi sauri da sarari, sai dai bulo biyu ko ƙofar ƙarfe sun isa su karya shi. Ƙananan MiFi da yawa 2.4 GHz kaɗai suke bayarwa, don haka wanda zai yi aiki da irinsu bai da dalilin kashe kuɗi a kan adafta mai tsada. Kuma a lura, 5G na layin waya daban, 5 GHz na Wi-Fi daban. Mutane da yawa suna haɗa su, har wani ya ce a ba shi "adaftar 5G" don yana da rautar MTN ko Airtel mai 5G. Abin da zai duba shi ne ko rautar tana fitar da zangon 5 GHz, kuma yana rubuce a takardar da ke manne a ƙarƙashinta.

Lambobin kwali suna ruɗin mutane ƙwarai. Idan an rubuta AC1200, ba wai adaftar za ta yi gudun megabit 1200 ba ne. An tara zango biyu ne: 300 a kan 2.4 GHz da 867 a kan 5 GHz, alhali kwamfuta ɗaya take hawa a lokaci guda. AC600 tana nufin 150 da 433, AX1800 kuma 574 da 1201. Ko wannan ɗin ma gudun haɗi ne tsakanin adafta da rauta. Abin da ke isa hannunka a zahiri kusan rabinsa ne ko sama da haka kaɗan. Sannan a raba da takwas kafin a san megabait nawa ke sauka a daƙiƙa. Bayan duk wannan, idan intanet ɗin da ke shigowa rautar megabit 20 ne, babu adaftar da za ta mai da shi 21. Harafin N yana nufin Wi-Fi 4, AC shi ne Wi-Fi 5, AX kuma Wi-Fi 6. Sabuwa tana aiki da tsohuwar rauta, amma da gudun tsohuwar za ta tafi.

Adafta iri biyu ce: ta USB da kati mai shiga ramin PCIe a kan babban allon kwamfuta.

Ta USB ita ce mafi sauƙi, a soka kawai. Ƙananan nan masu girman farce, irin TL-WN725N ta TP-Link, suna da amfani idan rauta tana ɗaki ɗaya da kwamfuta. Eriyarsu 'yar mitsitsiya ce a cikin roba, kuma ba su da jikin fitar da zafi. A watannin Maris da Afrilu, a shagon da ba fanka, in aka sa su sauke babban fayil sai su yi zafi su yanke, a cire a mayar su dawo. Ni ba na ba wa mai shagon buga takardu ko mai yi wa ɗalibai rajista irin wannan. Mai eriya a waje nake ba shi, aƙalla ajin AC600, in kuwa rautarsa mai zango biyu ce to AC1200 ko AC1300.

Inda aka soka ta ma yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Akwatin kwamfuta ƙarfe ne, kuma yawanci a ƙarƙashin tebur yake, bayansa a jikin bango. Adaftar da aka soka a baya ta shiga tsakanin ƙarfe da siminti ke nan. Maganin wannan wayar ƙarin tsawo ce ta USB, mita ɗaya ko ɗaya da rabi, a ɗaga adaftar zuwa saman tebur ta fuskanci rauta. Wannan 'yar wayar tana gyara matsalar da mutane ke neman sauya adafta a kanta. Akwai kuma batun ramin: USB 2.0 iyakarsa megabit 480 a takarda, a aikace bai cika wuce 300 ba, don haka adaftar AC1200 tana son ramin USB 3.0, mai shuɗin ciki. Amma shi USB 3.0 yana fitar da hayaniyar da ke damun zangon 2.4 GHz, abin da kamfanin Intel ya yi bayaninsa tun 2012. Idan a kan 2.4 GHz kake, kuma akwai faifan ajiya na waje a ramin da ke kusa, nisanta su da juna.

Katin PCIe shi nake fifitawa ga kwamfutar da za ta yini tana aiki. Eriya biyu yake da su, ba ya zafi kamar na USB, kuma ba a zare shi a tafi da shi. Masu ɗauke da guntu (chip, ƙwaƙwalwar katin) na Intel AX200 ko AX210 sun fi ba mu kwanciyar hankali. Wajen sa shi, a kashe kwamfuta, a zare wayar wuta daga soket, a danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don ragowar wuta ta fita. A buɗe murfi, a cire ƙarfen da ya rufe ramin baya, a danna katin cikin gajeren ramin PCIe har ya zauna daidai. In babu gajere, dogon ma yana karɓarsa. A ɗaure da sukuru, sannan a murɗa eriyoyin da hannu, ba da filaya ba.

Wurare uku ake tuntuɓe a nan. Na farko, kwamfutocin ofis sirara ba sa karɓar dogon ƙarfen baya, sai gajere, don haka a buɗe kwali tun a shago a tabbatar gajeren yana ciki. Na biyu, Bluetooth na katin ba ta ramin PCIe yake bi ba. Akwai 'yar waya da ake haɗawa da mazaunin USB mai fil tara a kan babban allo, kuma wasu allunan Dell da HP ba su da irin wannan mazaunin a sake. Wi-Fi zai yi aiki, Bluetooth ba zai fito ba, mai kaya ya ɗauka an cuce shi. Gara a gaya masa tun kafin ya biya. Na uku ya shafi ƙananan kwamfutocin nan masu girman littafi, waɗanda ke karɓar ɗan ƙaramin katin da ake kira M.2. AX200 da AX201 kamarsu ɗaya a ido, amma AX201 ba ya aiki sai a kan wasu allunan Intel da aka yi dominsa. A tsohuwar kwamfuta AX200 ake sawa, kuma dole a nemo wayoyin eriya masu ƙaramin kai da suka dace da shi.

Sai draiba, wato manhajar da ke sa Windows ta gane adaftar. Har yanzu akwai shaguna masu aiki da Windows 7 saboda tsohuwar firinta ko wata manhaja, ko da yake Microsoft ta daina kula da ita tun Janairun 2020. Katunan AX200 da AX210 ba su da draiba ta Windows 7 kwata-kwata. Mai irin wannan kwamfuta adaftar N ko AC za a nema masa, wadda aka rubuta Windows 7 a kwalinta. Zango na uku, 6 GHz na Wi-Fi 6E, kuwa sai da Windows 11. Ga mai Linux, sunan guntun da ke ciki ya fi sunan kamfani muhimmanci: TL-WN722N fitowar farko Atheros ne a cikinta kuma tana tashi da kanta, fitowa ta biyu da ta uku kuwa Realtek ne, suna iya buƙatar ƙarin aiki. Lambar fitowa tana jikin kwali kusa da lambar kaya.

Idan kwamfuta ba ta da intanet ɗin sauke draiba, kuma ba ta da wurin sa faifan CD, a haɗa wayar Android da kebul, a kunna raba intanet ta USB, a sauke daga shafin kamfanin da ya yi adaftar. A guji manhajojin da ke cewa za su nemo maka duk draibobi, tarkace suke jawowa.

Jabu suna da yawa, musamman marasa suna masu doguwar eriya da babbar lamba. Wata in ka fasa robar eriyar, guntuwar waya ce kawai a ciki. Muna gane abin da ke ciki ta Device Manager, jerin na'urori na Windows, a wurin lambobin shaidar na'ura: 0BDA na Realtek ne, 0E8D MediaTek, 148F Ralink, 8086 kuma Intel. A Device Manager ɗin dai, a cire alamar da ke ba Windows damar kashe adaftar don tattalin wuta, domin ita ce ke sa haɗi ya riƙa yankewa bayan an bar kwamfuta na ɗan lokaci.

Ba ma sallamar aiki sai mun gwada a inda kwamfutar za ta zauna. A buɗe Command Prompt, tagar rubuta umarni ta Windows, a rubuta netsh wlan show interfaces. Zai nuna ƙarfin sigina da tasha da gudun haɗi. Daga kashi 70 cikin ɗari zuwa sama aiki zai tafi daidai. In ya gaza 50, a fara ɗaga rauta sama, a fitar da ita daga bayan talabijin ko cikin kabad, kafin a zargi adafta. Idan kwamfuta tana ganin sunan rauta amma ta ƙi shiga ko da kalmar sirri daidai ce, a duba tsaron rautar: tsofaffin adaftoci ba su san sabon tsarin tsaro na WPA3 ba, sai a mayar da ita WPA2 ko haɗin biyun.

Wani lokaci kuma abin da muke gaya wa mai saye shi ne kada ya sayi adafta. Idan kwamfutoci huɗu ko biyar ne a ɗaki ɗaya, ko kuwa bango uku ne tsakanin ofis da rauta, wayar intanet irin Cat6 tana kai mita 100 ba tare da gudu ya ragu ba, kuma ramin da za a soka ta yana nan a bayan kowace kwamfutar tebur. Ƙaramin suwic, wato akwatin raba wayar intanet, mai rami takwas da 'yan mitoci na waya sun isa ɗakin gaba ɗaya.