Tarihin Rayuwata, Kashi na 8: Shigata ɗakin injina

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya mun tsaya ne a inda Maigida, wanda nake koyon kafinta a wurinsa, yace goga sanfefa da kwasar dusa sun ishe ni haka, in fara bin Yaya ɗakin injina. Yayan nan ba ɗan uwana bane na jini, shi ne babba a cikin yaran wurin, kowa haka yake kiransa. Toh ba wai inji aka ba ni ba fa, sharaɗin da aka gindaya min shi ne hannuwana su kasance a baya duk lokacin da inji ke juyawa, sai in an ce je can ƙarshe ka karɓi katako.

Manyan injina biyu ne a jere, joyinta da filena, kuma mutane da yawa suna haɗa su su ce injin fere katako alhali aikinsu ba ɗaya ba. Joyinta dogon teburi ne da aka raba biyu, a tsakiyar akwai wani mulmulallen ƙarfe mai ɗauke da wuƙaƙe yana juyawa, kai ne da hannunka zaka tura katako ya bi ta kansu, ita aikinta ta miƙar da fuska ɗaya da gefe ɗaya. Filena kuwa baki gare ta, ka miƙa mata katako rola ta ja shi da kanta, wuƙaƙenta suna sama a rufe, kauri take daidaitawa. In ka kai mata katako mai doro baka fara bi da shi ta joyinta ba, rolar zata danne shi ya miƙe, a aske shi, yana fitowa ya koma doronsa sai dai ya ƙara sirancewa. Shi yasa kullum joyinta ce farko.

Filena ce mai ihu, ita sabon yaro ke tsoro. Amma wadda Maigida ya tsaya a kanta ya ɓata lokaci joyinta ce. Ya cire filogi daga soket ya ajiye shi a kan teburin inda duk muna gani, ya janye murfin da ke rufe wuƙaƙen, ya kama bel ya juya ƙarfen a hankali yace "kai yaro matso, wuƙa nawa ka gani?" Nace uku Maigida. Yace ƙarfen nan yana zagayawa wajen sau 5,000 a minti ɗaya, yi lissafi. Ni dai na yi shiru, shi ya yi min, sara 15,000 a minti, wato 250 a daƙiƙa ɗaya. Kuma ɗan adam kafin ya ji abu ya taɓa shi har ya janye hannu yana cin kusan kwatan daƙiƙa, kaga kafin ka ce wayyo an sare ka wajen sau 60. Saboda haka maganar wai ni ina da zafin nama zan fizge hannuna bata ma taso ba.

Sai ya ɗauko katako ya ɗora a teburin, injin a kashe, yace in ɗora hannu kaman zan tura. Na ɗora. Yace "toh yanzu a ce katakon nan ya ɓace ɓat, ina hannunka zai sauka?" Wallahi tambayar nan ita ce duk karatun joyinta, sauran bayani ne kawai. Dan katako yana ɓacewa ɗin da gaske, wuƙa ta ci karo da ƙulli ko tsaga ko ka ci da zurfi sai ta cilla shi baya, kai kuma da ma kana dannawa ƙasa kana turawa gaba da ƙarfinka, hannun zai ci gaba da tafiyar da yake yi ne ba katako a ƙarƙashinsa. In amsar ita ce kan teburi ko kan murfi, alhamdulillahi. In amsar kan wuƙa ce toh tsayuwarka bata yi ba, ko shekara nawa kayi kana yin hakan lafiya.

Daga nan duk ƙa'idojin da ya koya min sai suka zama masu sauƙin riƙewa tunda na ga tushensu. Ba a tura fuskar katako da tafin hannu, akwai katakon turawa guda biyu masu mariƙi da roba a ƙasa, na baya yana da ɗan dunduniya da ke kama ƙarshen katakon, in wuƙa zata ci wani abu ta ci su. Ba a maƙala yatsu a ƙarshen katako ana turawa, dan ƙarshen nan shi ma sai ya bi ta kan wuƙa. Duk abin da bai kai santimita 30 ba, wato inci 12, baya hawa joyinta, haka ma wanda ya cika siriri. Zurfin ci kuma milimita ɗaya da rabi ya isa, kar ya wuce 3, gara ka bi sau uku a hankali da ka bi sau ɗaya kana kokawa da inji. Ɓangaren da ya yi rami shi ake kifawa ƙasa dan katakon ya zauna a kan gefunansa biyu baya rawa, sannan ka duba yadda jijiyar katakon ta kwanta, wuƙa ta bi ta kwance kar ta tayar da ita, in ka juya shi baibai zaka ji ƙarar ta canza kuma fuskar ta fito a yayyage. Da zarar gaban katakon ya haye teburi na biyu sai ka mayar da nauyin hannunka can.

Wani yaro ya taɓa zuwa da safar hannu sabuwa fil yana jin ya fi kowa kiyayewa, Maigida yace cire. Safa tana da amfani wajen ɗaukar katako daga mota saboda sartse, amma kusa da abin da ke juyawa in bakin wuƙa ya kama zare ɗaya sai ya ja hannun gaba ɗaya. Haka hannun riga mai faɗi, agogo, zobe, duk a cire ko a naɗe.

Maigida ya kuma ba mu labarin injinan zamanin da, waɗanda ƙarfen wuƙarsu mai kusurwa huɗu ne ba mulmulalle ba, tsakanin wuƙa da wuƙa akwai wawakeken fili da ke jan hannu ciki. Daga baya na karanta cewa dokar kare ma'aikata ta Amurka ta wajabta ƙarfen ya zama mulmulalle, bakin wuƙar kar ya leƙo fiye da kashi ɗaya cikin takwas na inci, kuma a sa murfin da ke komawa da kansa ya rufe wuƙa bayan katako ya wuce. A Turai kuma nasu murfin gada ce da ke tsallake kan wuƙar, katako ya bi ta ƙasa hannu ya bi ta sama. Ko wanne ne dai a jikin injinka, amfaninsa yana nan ne in yana wurinsa.

Toh ranar da abin ya faru murfinmu baya wurinsa. Da safe an gyara wani faffaɗan katako da ya fi teburin faɗi, aka janye murfin aka ɗaure shi da igiya a gefe, aka kuma saukar da teburin farko da katako ke fara hawa dan a ci da zurfi, aka gama ba wanda ya mayar. Maigida ya fita duba wani aiki. Mai kaya yana tsaye a ƙofa yana ta duba agogo, saura fuskar durowa ɗaya da ta ɗan karkace, guntun katako ne da kaɗan ya fi tafin hannu tsawo. Yaya ya ɗauka yana cewa "bari in ɗan shafa shi sau ɗaya." Ina tsaye a ƙarshen teburi ina jiran karɓa, a idona aka yi. Gaban guntun yana isa ramin da ke tsakanin teburan biyu sai ya duƙa ciki tunda ba shi da tsawon da zai riƙe kansa a kwance, ji kake ɓam, ya tashi ya bugi bango a bayan Yaya, hannunsa na hagu kuma ya sauka inda katakon ya bari.

Bai yi ihu ba. Ya ɗaga hannun yana kallo kaman ba nasa ba, sai da jini ya fara bin gwiwar hannunsa sannan yace "ƙanena kashe injin." Na danna jan maɓalli, kuma ku sani ko an kashe ƙarfen yana ɗaukar lokaci yana juyawa kafin ya tsaya, ba a kusantarsa. Wani daga cikinmu ya kawo tsumma mai tsabta muka danne wurin da ƙarfi muka ɗaga hannun sama da ƙirjinsa, mai kayan da ke ta gaggawa shi ya ɗauke shi a mota zuwa asibiti. Kan yatsu biyu suka tafi, na tsakiya da na kusa da shi, har gaɓar farko.

Aka ce in duba ko zan ga guntayen a kai wa likita. Na cire filogi na tona dusar da ke ƙarƙashin injin da tsinke, ba komai sai ja-ja a jikin dusa. Nan ne bambancin joyinta da zarto. Zarto yana yanke yatsa ya faɗi gefe, in aka naɗe shi a tsumma mai tsabta mai ɗan laima aka sa a leda aka ƙulle, aka ɗora ledar a ruwan ƙanƙara ba a kan ƙanƙarar kai tsaye ba, wani lokacin likitoci suna iya mayar da shi. Joyinta askewa take yi kaɗan-kaɗan, ba abin da zata bar maka a ɗinka.

Maigida da ya dawo daga asibiti bai yi wa kowa faɗa ba, mu har mun fi son ya yi. Washegari ya kwance igiyar ya gyara sifirin ɗin murfin, ya yanko sanda mai santimita 30 ya rataye a jikin injin, yace duk katakon da sandar nan ta fi shi tsawo a kai shi benci a ɗaure a yi da filenar hannu. In kuma ƙananan guntaye ake buƙata da yawa, a gyara dogon katako tukuna sannan a yayyanka. Ya ƙara da cewa wanda ya canza saitin inji shi zai mayar kafin ya bar wurin, wanda zai kunna kuma ya duba da idonsa kar ya ce ai na ɗauka.

Ita filena a kanta aka fara barina in yi aiki, dan hannu baya zuwa kusa da wuƙa. Amma ita ma tana da nata. Ba a tsayawa saitin bakinta, gefe ake tsayawa dan tana iya tofo katako baya, kuma ba a sunkuyawa a leƙa ciki tana aiki ko da katako ya maƙale, a kashe a jira ta tsaya sannan a saukar da teburi. Yatsu kar su kasance a ƙarƙashin katako lokacin da rola ta kama shi, zata matse su da teburi. Kar a jera mai kauri da siriri a tare, rolar zata riƙe mai kaurin ta bar siririn sakaka wuƙa ta harbo shi. Tsohon katako kuwa sai an bi shi an cire ƙusoshi, ƙusa ɗaya tana ɓallar da bakin wuƙa ta cillo ɓarɓashin ƙarfe, shi yasa gilashin ido baya sauka. In aka ɗauke wuta ana cikin aiki a kashe makunni nan take, dan injin da ba shi da makunni mai maganaɗisu yana tashi da kansa in wuta ta dawo, wataƙila lokacin hannun wani na ciki yana share dusa. Canjin wuƙa ma haka, filogi a cire, a ɗaure kowane noti a sake bi.

Abu biyu da yara ke rainawa su ne kunne da hanci, saboda su basa zubar da jini. Ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti in mutum yana wuni a cikinta tana cin ji a hankali, filena kuwa in tana cin katako mai tauri tana iya haura 100, kuma jin da ya tafi baya dawowa. Maigida kansa sai ka tsaya ta damansa yake jinka da kyau. Ƙurar katako ma tun 1995 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin abubuwan da ke jawo kansa, musamman ta cikin hanci. Ni a ganina wanda ya sayi inji bai sayi abin toshe kunne da takunkumin ƙura ba bai gama sayayya ba.

Labarin hannun Yaya bai tsaya a wurin aiki ba, ya riga ni isa gida. Ina shiga na tarar da Umma zaune tana jirana, ko sannu da zuwa bata yi min ba tace "miƙo hannuwanka in gani," ta ƙirga yatsun ɗaya bayan ɗaya sannan tace daga yau na gama kafinta. Yadda muka kwashe da ita, da zuwan da Yaya ya yi gidanmu da bandeji a hannu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.