Ki juya ɗan kunnen ki dubi bayansa

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan la'asar, ɗiyar ƙanena ta zo gidana nan Yamai, ta zauna bakin tabarma ta miƙo mini salularta. "Gwaggo, dubi wannan." 'Yan kunne ne masu siffar kuros ɗin Agadas, an jera musu ƙananan fararen duwatsu tun daga zoben sama har ƙasa, ga wani ja babba a tsakiya. Wata mai sayar da kaya a WhatsApp ce ta sa hoton. Jika 35, wai kuma saura biyu kacal. Yarinyar nan jika 20 gare ta. Da na tambaye ta inda za ta samo cikon, sai ta sunkuyar da kai ta ce akwai wata tsohuwar munduwar azurfa da uwarta ta ba ta, ba ta ma sa ta, za ta kai a auna.

Na ce mata ina hoton bayansu. Ta yi dariya ta ce, "Haba Gwaggo, wa ke ɗaukar hoton bayan ɗan kunne?" Gabana ya faɗi, domin ni ma ban juya nawa ba.

A ƙarshen 1993 aka turo ni Yamai aikin koyarwa daga Tawa. Daren da zan taho, Inna ta kwance wani ƙullin tsumma ta ba ni abu biyu da ta gada wurin uwarta: kuros ɗin Tawa na azurfa, wanda zanensa ya fara shafewa saboda daɗewa a wuya, da talhatana ja guda. Ba ta yi dogon bayani ba. Cewa kawai ta yi, "Ki riƙe." Na riƙe wata huɗu.

A lakkwal ɗin da nake, malamai mata 'yan birni ne, ko kuma sun riga ni zama 'yan birni. Ranar da na fara rataya kuros ɗin, wata ta taɓa shi da ɗan yatsa ta tambaye ni ko rawar gargajiya za mu yi wa baƙi. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma daga ranar ya koma cikin akwati. Shekarata 23, ba ni da kowa a garin, kuma ina jin maganar Adar ɗina ma abin dariya ce gare su. Wanda bai taɓa zama baƙo cikin mata 'yan gayu ba, ba zai san nauyin wannan ba. Ba ina wanke kaina ba ne. Amma ina so a san yanayin da nake ciki.

Sai ga Janairun 1994, aka karya darajar sefa, faran ɗin Faransa guda ya tashi daga sefa 50 ya koma 100. Kaya suka yi tsada cikin mako guda, albashi kuma dama ba ya zuwa kan lokaci. Kowa na cewa kuɗi ya zama takarda, mai hankali ya sa nasa cikin abin da ba ya lalacewa. A daidai lokacin aka sa bikin wata abokiyar aikinmu. Na shiga wani shago kusa da babbar kasuwa, na ga 'yan kunne masu kuros, farare fat, kowanne da jan dutse a tsakiya wanda farata huɗu suka riƙe, ga 'yan ƙanana kewaye da shi. Mai shagon ya ce yakutu ne, daga Makka aka zo da su. Ya kunna musu fitila. Wallahi har yau idan na rufe ido ina ganin wannan jan. Kuɗina bai kai ba, sai ya tambaye ni ko ina da tsohuwar azurfa a gida. Washegari na kai masa kuros ɗin Inna da talhatanar, na ɗora jika 12 a kai. Ya auna kuros ɗin a sikeli kamar gishiri. Talhatanar kuwa ya ce dutsen banza ne, amma zai karɓa don ya taimake ni.

Na gaya wa kaina jari nake sakawa. Kuma tsakani da Allah rabin zuciyata ta yarda da haka. Ɗaya rabin kuwa ta san don wannan matar mai ɗan yatsa nake yi.

Na yi kyau a bikin, wannan ba zan musa ba. Amma kafin mako uku kunnuwana sun fara ƙaiƙayi, hujin ya yi ja yana fid da ruwa. Sai ranar wani suna, ina cire mayafi, farce guda ya kama zare ya miƙe, jan dutsen na dama ya faɗi cikin yashi. Na tsince shi, na kai gidan tarihi na ƙasa, wanda yanzu ake kira da sunan Bubu Hama, inda maƙera ke zaune suna aiki, don a mayar mini. Wani tsohon maƙeri Buzu ya karɓa. Bai ko dubi fuskar ɗan kunnen ba, juya shi ya yi. Ya nuna mini wata 'yar takardar ƙarfe mai sheƙi manne a gindin dutsen, ya ce ita ke ba shi walƙiya, ranar da ruwa ya shiga bayanta shi ke nan. Ya ɗaga dutsen a rana, na ga ɗan kumfa a cikinsa. Kwalba ce. Ƙananan kuma ba abin da ya riƙe su sai gam. Ya goga magagari a ƙugiyar, sai ga jan ƙarfe ya leƙo daga ƙarƙashin farin. Ya ce kunnena ma irin wannan shafen ne ya ci shi, domin galibi akwai nikel a ciki, fatar mutane da yawa kuma ba ta shiri da shi.

Ya tambaye ni nawa na saya. Da na gaya masa abin da na bayar, ya daɗe bai ce komai ba. Daga baya ya ce, "Ɗiyata, kuros irin na da, da kakin zuma ake fara siffanta shi, a lulluɓe da yumɓu, a gasa kakin ya tsiyaye, a zuba azurfa a gurbinsa, sannan a fasa yumɓun. Tunda an fasa, ba a sake samun irinsa." Wannan maganar ce ta sa ni kuka a gaban mutane. Na koma shagon, mai shi ya ce kayan sun wuce tuni. Ko narkarwa aka yi, ko wani Bature ya tafi da shi, oho.

Ban gaya wa Inna ba. Duk hutun da na je Tawa sai ta tambaya, ni kuma in ce yana cikin akwati, ina tsoron ɓarayin Yamai. Har ta rasu ban faɗa mata ba. Wani lokaci nakan ce gara da na yi shiru, me zai ƙare ta da shi ban da ɓacin rai. Wani lokaci kuma, musamman da asuba, sai in ga tsoro ne kawai ya hana ni, kuma wataƙila ta gane tun shekarar farko ta ƙyale ni. Kuma ai ita ma ba ta taɓa zaunar da ni ta ce ga abin da wannan yake ba. Da ta ce mini kakanninmu tsofaffin kuɗin azurfa suke ba maƙera su narkar, irin masu hoton Mariya Tareza da shekarar 1780 a jiki, da ta ce mini jan dutsen talhatana daga Indiya yake fitowa ko daga garin Idar-Obastain na Jamus, ya ratso Sahara kafin ya iso wuyan kakata, wataƙila da na yi tunani sau biyu. To amma ta ce "ki riƙe". Wannan ma ya isa, ni ce ban ji ba.

Na yi niyyar in rubuto muku shawarwari goma, ku 'yan matan yanzu, har na jera su a takarda. Da na sake dubawa sai na ga yawancinsu magana ɗaya ce, kuma na san ba za ku karanta goma ba, ku da ba ku iya kallon abu minti guda ba tare da kun ture shi da yatsa ba.

Ki juya ɗan kunnen. Abin da ke riƙe da dutsen ya fi dutsen muhimmanci gare ki. Akwai wanda ake kewaye dutsen da bakin azurfa gaba ɗaya kamar bakin rijiya, a danne shi a kansa. Haka maƙeranmu ke yi wa kuros ɗin Ingal, wanda a cikin kuros 21 da ake lissafawa na garuruwan Nijar shi aka fi sani da jan dutse. Wannan ɗaurin ba shi da abin da zai kama zare, kuma yana kare gefen dutsen daga ɓantarewa. Ga macen da ke sa hijabi ko mayafi ta cire sau goma a yini, shi ne daidai. Akwai na farata, huɗu ko shida. Akwai na ƙananan duwatsu da ake jerawa kamar tsabar gero, kowanne da ɗan ɗigon ƙarfe da ke riƙe shi, idan aikin kirki ne. Idan na banza ne, gam ne kawai, zafin watan Afrilu da zufa kuma ba sa barin gam. Ki shafa ɗan kunnen a gefen mayafinki, idan ya kama, ajiye shi. Ki girgiza shi kusa da kunne, idan kin ji motsi, dutsen bai zauna ba. Ta yaya za ki yi wannan a hoton salula? Hoton da aka ƙara wa haske, aka ɗauka a kunnen wata a wata ƙasa?

Na ce ku guji farata, amma gaskiya dutse mai ratsa haske a kan farata ya fi kyau, domin haske na shigarsa ta ko'ina. Har yanzu ni su ne ke jan idona. Idan kin nace, ki nemi mai shida, masu kauri, ki bar shi na biki kawai, kuma duk shekara ki kai maƙeri ya matse su.

Dutsen kansa, ki tambayi sunansa, ki sa a faɗa da baki. Akwai ma'aunin tauri na wani Bajamushe mai suna Mohs, daga 1 zuwa 10. Daiman 10, yakutu 9, aƙiƙ kusan 7, kwalba 5 da rabi. Ga abin da ya shafe mu: yashin da ke cikin ƙurar hunturu taurinsa 7 ne, don haka duk lokacin da kika goge kwalba da gefen zane a watan Janairu, kankare ta kike yi, shi ya sa take dushewa. Aƙiƙ na jurewa. Shuɗin dutsen nan turkuwaz bai wuce 5 zuwa 6 ba, kuma yana shan mai da turare ya sauya launi. Murjani ya fi shi laushi. Mu kuwa da humra a bayan kunne, ki fara shafa turarenki ya bushe kafin ki sa su. Baƙin dutsen da ake kira onis, yawancinsa aƙiƙ ne aka rina, wannan ba laifi ba ne, yana da ƙarko. Fararen nan masu walƙiya a hoton ɗiyata, in an yi sa'a zirkoniya ce ta masana'anta, in ba a yi ba kwalba ce. Ko yakutu ma tun 1902 wani Bafaranshe, Vernoy, ya bayyana hanyar ƙera shi a wuta, taurinsa ɗaya da na ƙasa, kuɗinsa kuwa ko kusa. Saboda haka jan dutse mai girman ƙwayar wake, garau ba tabo, a jika 35, ba daga ƙarƙashin ƙasa ya fito ba, ko wa ya rantse miki.

Kada ki sayi kwalba. Ko da yake, bari in gyara, kakanninmu ma sun rataya talhatanar kwalba da ake yi a Bohemiya, ƙasar Cek ta yanzu, kuma ba wanda ya raina su. Saya kwalba in tana burge ki, amma a kuɗin kwalba, kina sane. Abin da ya ƙona ni shi ne sunan yakutu da aka laƙaba mata.

Azurfa kuma, za ki ga lamba 925 a baya, ma'ana kashi 925 cikin 1000 azurfa ce. Amma wannan hatimin kowa na iya bugawa. Mayen ƙarfe ma ba ya raba gardama, domin ba ya kama azurfa, ba ya kuma kama tagulla. Abin da na dogara da shi yanzu shi ne mutum mai wurin zama, maƙerin da ke cibiyar masu sana'ar hannu ta Wadata ko gidan tarihi, wanda zai sa sunansa da Tifinag, rubutun Buzaye, a bayan kuros ɗin, wanda idan dutse ya faɗi bana kin san inda za ki same shi baɗi. Ki tabbata ƙugiyar da ke shiga huji ita ma azurfa ce, domin nan ake yawan yin ha'inci. Kuma ki sa shi a kunne ki yi 'yan mintoci, kuros mai nauyi yana ja har huji ya tsage, na ga mata da yawa da aka ɗinke wa kunne.

Ku dinga tambayar manya. To, ba kowane babba ba, matar da ta raka ni shagon nan ta girme ni da shekara 15, ita ce ma ta ce in yi sauri kada wata ta riga ni. Tambayi mai magagari a hannu.

Abin da uwarki ta ba ki kuwa, kada ki kai shi sikeli. Ba ni da wani bayani a kan wannan. Ko ba kya sa shi, ko ƙawayenki sun ce na tsofaffi ne, bar shi cikin tsummansa.

Ɗiyar ƙanena ta saurare ni, rabi da ni rabi da salula, har sai da na ɗaga murya, abin da ban so ba. Ita ce mutum ta farko a danginmu da na ba wannan labarin, ko ubanta bai sani ba. Ta ce, "To Gwaggo, idan na tsaya wata za ta saye su." Na ce ta saye. Na karɓi munduwar na sa a akwatina, a gurbin da kuros ɗin Inna ya kwana wata huɗu, na ce ranar aurenta zan mayar mata. Ta fita ranta a ɓace, ba ta ko sha kunun da na dama mata ba. Jiya da dare ta turo saƙo tana tambaya ko Asabar da safe ina da lokaci mu je Wadata, wai amma ita ja take so, kuma mai farata.