Rikicin gona da gida: kotun da za ka ɗaukaka ƙara ita ce rabin shari'ar

Shari'o'in filaye da yawa a jihohin Arewa suna rushewa ne ba don mai ƙara ba shi da gaskiya ba, sai don an kai su kotun da ba ta da hurumin sauraronsu. Mutum ya yi shekaru yana zirga-zirga, ya sayar da akuya ya biya kuɗin mota da na lauya, ya yi nasara sau biyu, sannan kotun sama ta ce duk abin da aka yi tamkar ba a yi ba. Wannan asara tana da ciwo, kuma ana iya kauce mata tun ranar farko.

Tushen matsalar yana sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999. Sashen ya ƙayyade abin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha za ta saurara: aure da saki, dangantakar iyali, riƙon yara, gado, wasiyya, kyauta, waƙafi, da kula da mai taɓin hankali ko almubazzari. Jayayya kan wane ne mai fili ba ta cikin jerin. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a shari'ar Magaji da Matari a shekarar 2000, kuma har yau kotuna suna soke hukunce-hukunce bisa wannan ƙa'ida.

A nan ne mutane ke zamewa. A ce mahaifi ya rasu ya bar gona, 'ya'yansa sun saɓa kan rabo, ko ɗaya ya ce uban ya ba shi kyauta tun yana raye. Wannan gado ne, idan an ɗaukaka ƙara gaban Kadi, wato alƙalin waccan kotun ta Shari'ar Musulunci, za a je. Amma a ce magadan sun kai maƙwabci ƙara, suna cewa aro mahaifinsu ya ba shi, shi kuma ya rantse saye ya yi. Ko da magadan sun ce sun gaji gonar kaka da kakanni, ba rabon gado ake jayayya a kai ba, mallaka ce tsakaninsu da bare. Ƙarar da ta taso daga irin wannan hukunci Babbar Kotun Jiha ake kai ta. Haka jingina da rikicin iyaka.

Abin da kotun sama take dubawa shi ne da'awar mai ƙara kamar yadda aka rubuta ta a kotun farko, ba amsar wanda ake ƙara ba. Saboda haka ranar da kake bayani gaban alƙali, ka nemi a karanta maka abin da aka rubuta. Idan rabo kake nema, a rubuta rabo. Idan ƙwato gona daga hannun wani kake nema, a rubuta haka. Bayan hukunci ka karɓi kwafin shari'a mai hatimi daga rajistara, ka kai wa lauya ya karanta shafin farko kafin a cike takardar ɗaukaka ƙara. Kada kuma ka dogara da cewa abokin shari'arka bai yi ƙorafi ba. Yardar ɓangarori biyu ba ta ba kotu hurumi, kuma ana iya tayar da maganar a kowane mataki, har a Kotun Ƙoli.

Akwai tarko na biyu, tun kafin a kai ga ɗaukaka ƙara. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, a sashe na 39, ta ce filin da ke da takardar mallaka daga gwamna Babbar Kotun Jiha kaɗai ke sauraron rikicinsa. Ƙananan kotuna sashe na 41 ya bar musu filayen karkara da ke ƙarƙashin ƙaramar hukuma, kodayake Kotun Ƙoli ta ce a shari'ar Adisa da Oyinwola, ita ma a 2000, Babbar Kotu na iya sauraron waɗannan. A ganina wanda rikicinsa na mallaka ne tsantsa, filin kuma yana gefen gari inda birni ke cinye ƙauye, gara ya binciki matsayin wurin a ma'aikatar ƙasa kafin ya shigar da ƙara ko'ina.

Sai lokaci. Daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya wata 3 ne idan hukuncin ƙarshe ne, kwana 14 idan umarni ne na tsakiyar shari'a. Wanda ya wuce sai ya roƙi ƙarin lokaci da rantsuwa a rubuce, ya bayyana dalilin jinkirin, ya kuma nuna cewa ƙorafinsa na da nauyin da ya cancanci a saurare shi.