'Ya'yan waɗanda ke Kurmawa da Goron Dutse, su nawa ne?

Duk watan azumi a unguwarmu ana rubuta sunayen marayu. Mai unguwa na da takardarsa, kwamitin masallaci na da tasa, kuma kafin sallah shadda da atamfa sun iso. Allah ya saka wa masu yi. Amma akwai yaran da ba sa shiga kowace takarda, su ne waɗanda ubansu ko uwarsu ke tsare a gidan yari, kamar na Kurmawa da na Goron Dutse a nan Kano.

Ina koyarwa a firamare a cikin gari. Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu da ta fara zuwa da farantin gyaɗa, tana tura shi ƙarƙashin benci har a tashi. Na tambaye ta, ta ce, "Malama, Babanmu ya yi tafiya." Sai daga baya mahaifiyarta ta same ni a bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rage murya: "Malama, ki rufa mana asiri, yana Goron Dutse. Rigimar bashi ce, ko hukunci ba a yanke ba."

Hukumar gidajen gyaran hali, kamar yadda ake kiranta tun dokar 2019, tana fitar da adadin waɗanda ke tsare: maza nawa, mata nawa, masu jiran shari'a nawa, waɗanda sun kai kusan kashi biyu cikin uku a faɗin ƙasa. A wannan lissafi babu gurbin 'ya'yansu. A Amurka fursunonin ake bi a tambaya, binciken 2016 ya nuna yara kusan miliyan ɗaya da rabi. A Ingila da Wales, a 2024 gwamnati ta fitar da nata ƙiyasin, yara wajen 193,000 cikin shekara guda. Dokokin Bangkok na Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2010, sun ce a rubuta yawan 'ya'yan mace ranar da aka shigo da ita. To amma mafi yawan waɗanda ke ciki maza ne.

Wani zai ce a ɗauki yawan fursunoni a ninka da biyu ko uku, shi ke nan. A Kano wannan lissafin ba zai yi ba. Da yawa samari ne da ko aure ba su yi ba, a gefensu kuma ga magidanci mai mata biyu da 'ya'ya goma, ban da 'ya'yan ƙaninsa marigayi da yake riƙo. Sannan ƙirgen rana ɗaya yana ɓoye gaskiya. Wanda ya yi wata uku aka ba da belinsa ya fita daga lissafi, alhali a wata ukun nan an kori yaransa daga makaranta, mai gida ya ba su notis. Tambaya a makarantu kuwa ɓata lokaci ne, domin kowace uwa ta riga ta koya wa ɗanta amsar da zai bayar, kuma ban ga laifinta ba. Gorin "ɗan fursuna" yana bin yaro har ranar neman aurensa.

Ni a ganina a bakin ƙofar gidan yarin ya kamata a yi tambayar, lokacin da gandiroba ke rubuta suna da unguwa: 'ya'yanka nawa, shekarunsu nawa, wa ke riƙe da su? A ɓoye sunaye, a fitar da adadi kawai duk shekara, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, a miƙa wa Hukumar Zakka da Hubusi da ma'aikatar ilimi kafin su zauna tsara rabon shekara.