Laraba, Kawu da birki

Da hantsi muka taso daga Mirriya. Yaya ke tuƙi, Kawu a gaba, ni da buhun albasa a baya. An sha ruwa da asuba, kwalta sai santsi. Kwatsam akuya ta faɗo hanya. Yaya ya danne birki, mota ta yi gurnani, muka kauce da ƙyar. Akuyar ko waiwaye.

Yaya ya ce ƙafarsa ta yi ta karkarwa a kan birkin. Nan take Kawu ya yanke hukunci: birki ya lalace, gobe sai garaji. Wai kuma direban kirki ba ya danne birki a santsi, taka-saki ake yi, yadda suke yi da 504 a hanyar Agadez.

Na ce, "Kawu, a gafarce ni, ai motar ce ke yin taka-sakin da kanta." Kowace taya akwai na'urar da ke auna juyawarta. Da kwamfuta ta ga wata na shirin ƙamewa, sai ta sassauta matsin man birki a kanta, ta mayar, sau da yawa cikin sakan ɗaya. Karkarwar ke nan. Tayar da ke juyawa tana bin sitiyari, wadda ta ƙame kuwa sai inda santsi ya kai ta. Na ƙara da cewa wannan tsarin shi ake kira ABS, kuma tun 1978 Mercedes ke sa shi, ba sabon abu ba ne.

"To, sannu injiniya."

Da la'asar Kawu ya rama. A lungun su Inna yashi ya riƙe mu. Yaya na ba motar wuta, tana ƙin ɗauka, wata fitila na ta ƙiftawa. Na'urorin nan dai ne, sun ga taya na juyawa a banza, aka rage ƙarfin inji. A jiƙaƙƙiyar kwalta taimako ne, a yashin Damagaram kuwa cikas. Sai da aka danna TRC OFF, maɓallin da ke hana mota rage ƙarfin injin, muka fita. Kawu har da ƙwalla don dariya.

Abin da ya hana ni sukuni daban ne. Tasin da na shiga jiya, fitilar ABS a kunne take, an liƙe ta da baƙin salatif. Birki na kamawa, amma ABS ɗin ba ya aiki. Kullum safe motar cike take da 'yan makaranta, ga damina.

An ɗauke wuta tun magariba. Albasar ma rabinta ta ruɓe.