Asabar, sati na bakwai ban hau Akawal ba

Da wuri na tashi yau. Koko da ƙosai, a tsaye. Kafin ƙarfe bakwai ina barga.

Akawal na jin takuna ya yi haniniya, ya zuro hanci cikin jakata yana neman karas. Jiya aka wanke shi, baƙin gashin nan sai sheƙi yake. Na daɗe ina shafa wuyansa, raina fes.

"Ranki ya daɗe, yau ma ba za a ɗaura sirdi ba?" in ji Baba mai barga. Na ce a'a Baba, yaron ya fita da shi kilisa kawai. Ya yi min fatan sauƙi. Duk barga sun ɗauka ciwon baya ne, ni kuma ban gyara musu ba.

Daga can na wuce gidan Umma, kuma abin da ya hana ni barci ke nan.

Na shiga da matashin nan nawa mai rami a tsakiya, na aza kan kujera. Umma ta dube shi, ta dube ni.

"Ke, basir ne?"

"A'a Umma."

"To sanyi ne ya dawo?"

Wata biyar ana ce min sanyi ne. Sau uku ina shanye maganin kashe ƙwayoyin cuta, gwaji kuma bai taɓa nuna komai ba. Sai na ga gara na faɗa mata yadda likitar ta yi min bayani. Na ce jijiya ce, ba ta jini ba, irin mai kai saƙon ji. Likitoci na kiranta pudendal. Daga ƙarshen ƙashin baya take fitowa, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, ta ratsa cikin ƙugu, ta bi wata siririyar hanya a gefen ƙashin da mutum ke zama a kai, sannan ta rabu uku zuwa gaba da baya da tsakaninsu. In aka daɗe ana danne ta ko ana jijjiga ta, sai ta fusata. Wurin ya riƙa zafi kamar an zuba barkono, wani lokaci kamar lantarki ya ja ki, wani lokaci ki ji kamar kin zauna a kan dutse.

Abin da ya sa likitar ta gane, tambayoyi ne da babu wanda ya taɓa yi min. Yana ƙaruwa in kin zauna? Ƙwarai. In kin miƙe ko kin kwanta fa? Yana lafawa. Yana tashin ki daga barci? A'a. In kin zauna kan masai na zamani? A nan kam shiru nake ji, saboda tsakiyar babu abin da ke danna ni. Ta ce waɗannan suna cikin alamomin da likitocin birnin Nant na Faransa suka tsara, aka wallafa a 2008. An fi sanin ciwon da masu tseren keke, amma hawan doki ma yana cikin abubuwan da ke jawo shi, kuma mata sun fi maza kamuwa.

Umma ta ce, "Ai na faɗa. Mace da hawan doki."

Na san za ta faɗi haka, amma duk da haka ya sosa min rai. Na ce Umma, mata nawa ne ke hawa shekara da shekaru lafiya lau? Ni sirdin Yaya na gada, an yi shi ne daidai zaman namiji. Ƙasusuwan zaman mace galibi sun fi na namiji tazara, in sirdi ya matse, nauyin sai ya sauka a kan tsokar tsakiya maimakon ƙashi. Ga ni kuma da ɗabi'ar karkatowa gaba wajen kwacciya in ana sassarfa, ina bugun sirdi awa biyu, uku. Tun bara nake saukowa ina jin wurin ya yi sanyi ƙalau kamar ba jikina ba, in ce gajiya ce. Na ƙara da cewa ba doki kaɗai ba ne: likitar ta lissafa dogon zama, yunƙurin taurin bayan gida, tiyata, da haihuwa.

Tana tsince shinkafa a faranti. Da na ce haihuwa, sai hannunta ya tsaya.

Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can, ba tare da ta ɗago ba, ta ce, "Bayan haihuwar Auta na yi kusan shekara biyu ba na iya zama daidai. Wuta kawai nake ji."

"Umma, kin je asibiti?"

"In ce musu me?"

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Ina da shekara tara lokacin. Na tuna. Wallahi na tuna. Tana biya mana karatun allo a kishingiɗe kan tabarma, ta tokare da gwiwar hannu. In an je biki, ita ce kullum a tsaye wajen rabon abinci, ana yabonta da zafin nama. In dole ta zauna, sai ta lanƙwasa ƙafa ɗaya a ƙarƙashinta ta karkace gefe. Na ɗauka haka zamanta yake. Har kwaikwayonta nake yi.

Ita ba ta taɓa ɗora ƙafa a likkafa ba. Ni da mota, da waya a hannu, da kuɗin ganin likita, sai da na yi wata biyar kafin na iya buɗe baki na nuna ainihin wurin. Ita shekara biyu, da goyo a baya, ba wanda ta gaya wa, har Abba.

Kafin na fito ta ɗauki matashin ta jujjuya shi, ta zura hannu cikin ramin, ta tambaye ni a ina ake sayarwa. Ba ta ce don wa ba.

La'asar na yi ta a gida. Ban iya cin tuwon dare ba.

Litinin ina da mai gashin ƙashi, ƙarfe goma. Ta ce ko maganar komawa kan doki ba za mu yi ba sai zafin ya kwanta, sannan a nemo sirdin da ya dace da ni. 'Yar Yaya ta turo saƙo tun azahar, wai yaushe zan fara koya mata hawa. Zan koya mata, in sha Allah, amma ba da wancan sirdin ba.

Na sha ƙwayar dare. Ina rubuta wannan a kwance ta gefen hagu, na tokare da gwiwar hannu.