"Cook for": ina ake sa wanda aka dafa wa?

A Hausa mukan ce "Na dafa wa Inna shinkafa." Wadda aka yi wa girkin ita ke fara zuwa, abincin ya biyo baya. Daga nan tuntuɓen yake farawa, domin mai koyon Turanci yakan ɗauki "wa" ya mayar da ita "for", ya bar sauran kalmomin inda suke, sai ka ji "I cooked for Inna rice." Za a gane nufinka, amma jimlar a karye take.

Hanya biyu ce. Idan ka sa "for", abinci ne a gaba, mutum a baya: "I cooked rice for Inna." Idan kuma kana so mutum ya riga abinci, kamar yadda bakinmu ya saba, to cire "for" ɗin gaba ɗaya: "I cooked Inna some rice." Ni ta farkon nake ba masu koyo shawarar su riƙe, don ba ta da tarko.

Tarkon yana cikin ta biyu. Ba ta tsayawa sai an ambaci abincin. Matar da take so ta ce ta yi wa maigida girki, in ta ce "I cooked my husband" ta yi shiru, to shi ta jefa a tukunya. Idan ba za a faɗi abin da aka dafa ba, "for" ta zama dole: "I cooked for my husband." Haka nan idan "it" ce ta tsaya a madadin abincin, ka ce "I cooked it for her." Kada a sa "to" a nan, wurinta sai wajen miƙawa, kamar "give it to her."

Ana kuma faɗin yawan masu ci da "for". "I'm cooking for 20" na nufin girkin mutum ashirin ake yi.

Sai shayi. Mu dafa shi muke yi, Turawa kuwa "make tea" suke cewa, ko da ruwan ya tafasa a kan wuta. Zoɓo da kunun aya ma "make" ne.

Shi mai yin girkin "cook" ne, inda muka samo kalmar kuku. "Cooker" abin da ake ɗora tukunya a kai ne, na gas ko na lantarki. In za ka yaba wa uwargida, "You're a good cook" za ka ce.